Littafin da ya tsayar da taɓarya

Shekarar da wayar hannu ta shigo Zuru yayana mai kula da laburare ya rasu. Jiya warin tsohuwar takarda ya tuna mini da shi. Kafin ya ce wa kowa "karanta wannan", ni yake karanta wa ina dakan dawa. In na tsayar da taɓarya, sai ya ce, "Auta, wannan ya yi."

Wanda ya gaje shi ya ce wai me jahila ta sani. To, kullum ina bencin ƙofa, ina nuna wa masu aro littattafan da za su ɗauka. Da bangonsu na san su. A kore ni mu gani!

Cikin mutanen lokacin, ni da mai shara muka rage. Allah ya jiƙan yayana, ya bar mini kunnen gane littafi.