Gudumar Baffa Nazif Tana Hannuna

Daga Allah muke, wurinSa kuma za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga Fabrairu, bayan azahar da kaɗan, Allah Ya karɓi ran Baffa Nazif Durmo a matakalar masallacin ƙauyenmu Rudina, yana da shekara saba'in da shida. Ni ce Zumra mai gahawa ta bakin gada. Kwana tara ke nan na kasa zama wuri ɗaya, domin akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, kuma yau zan faɗe shi.

Baffa, kowa a kwarin nan ya san aikinka, ko da yake ba wanda ya sa ka. Da zarar dusar ƙanƙara ta rufe duwatsu, sau uku a yini kake saukowa gada, ka tuɓe hula, ka karkata kai kana sauraron rafinmu Bistra. Kai ka koya mana mu ji tsoron shirunsa. In ƙanƙara ta zaftaro ta toshe kwazazzabo, ruwa na taruwa a bayanta, rafin ya yi tsit a nan ƙasa. In toshiyar ta ɓalle kuwa, gidaje goma sha ɗaya ne a gabanta. Shi ya sa ka rataye tsohuwar garma a jikin gada, da guduma a kan ƙusa. Wanda duk ya ji bugu ya bar komai ya hau tudun masallaci.

Tun shekarar da mijina ya rasu, kullum da safe nakan tarar an share mini dusar ƙanƙara daga ƙofa har rumfar itace. Sai a hunturu na uku na kama ka da shebur a hannu. Ka ce, "Amarya, koma ciki, wa ya aiko ki?" Shekara talatin da kawo ni ƙauyen nan, har na yi furfura, ba ka taɓa kirana da wani suna ba. Gahawata kuwa kullum sai ka kushe ta, ka ce ruwan wanke tukunya ce, sannan ka sha kofi uku.

Bana sau biyu ka buga garma a banza, ashe sanyi ne kawai ya daskarar da saman ruwa. A na biyun burodina ya ƙone ƙurmus, tsohuwa Hanka gurguwa kuma ta kwanta mura. Raina ya ɓaci. A gaban mutane na ce, "Baffa, kunnenka ne ya mutu, ba rafi ba!" Aka kwashe da dariya. Ka ce, "Ku hau kuna zagina, ni dai ku hau." Washegari na zare gudumar daga ƙusa na cusa ta cikin buhun gari. Na ce kwana biyu ne kawai, mu huta. Guguwa ta hana kowa leƙo waje kwana huɗu, har kai. Ranar Litinin iskar kudu mai ɗumi ta taso da ruwan sama, ni kuwa na manta.

Ranar Talata ina bakin taga na ga ka tuɓe hula, ka daɗe a tsaye, ka miƙa hannu ga ƙusa. Babu. Ka bugi garma da sanda, ƙarar ko ƙofata ba ta kawo ba. Sai ka ɗago ka dubi tagata. Wallahi na tono gudumar, na sa ta a aljihun rigata, na fito da gudu. Amma mazan da ke shan gahawa a shagona sun riga ni fita, suna tambayar wane ɗan banza ne ya ɗauke ta. Kunya ta riƙe mini hannu. Kunya fa, Baffa, da rayukan mutane a gaba!

Ba ka tsaya cacar baki ba. Ka bi gida gida cikin dusa har cinya, kana dukan ƙyaure kana kiran kowa da sunansa. Kai ne na ƙarshe a hawa, kana jan Hanka a kan katakon ɗaukar itace. Ka zauna a matakala kana haki, ka ƙirga mu da yatsa, ka sake ƙirgawa. Sannan ka yafuto ni, ka ce a hankali yadda ba mai ji, "Amarya, ki mayar da ita wurinta." Ka jingina da bango. Ba ka ji rugugin da ya biyo baya ba. Ruwa ya tafi da gada, da garma, da shagona, da gidaje shida. Ba a rasa rai ko ɗaya ba sai naka.

Inna Shefika, matarsa ta shekara hamsin, da ku 'ya'yansa Midhat da Belkisa, ina yi muku ta'aziyya, kuma ga gaskiya na ajiye a gabanku. Ba iska ce ta jefa gudumar a ruwa ba kamar yadda ake faɗa. Da tana kan ƙusarta, bugu goma ya ishe shi. In kun yafe mini, kun yi halinsa. In kun kasa, ban ga laifinku ba.

Allah Ka jiƙan Nazif, Ka yalwata kabarinsa, Ka kira shi da sunansa ranar firgici kamar yadda ya kira mu. Allah Ka ba iyalinsa haƙuri.

Baffa, wurin da ka ce in mayar da ita babu shi yanzu. Na rataye tsohuwar tukunyar gas a itacen da ya tsira a gaɓa, gudumar tana gefe. Dusa tana nan jibge a kan dutse, iskar kudu ta dawo tun jiya. Sau uku a yini nake sauka in kwance ɗankwali daga kunne in saurara. Har yanzu ban iya bambance shirun sanyi da ɗaya shirun ba. Zan buga duk da haka, su hau suna zagina.