Gudun Ayu a Gaban Babba

Akwai wata Talata da har yau ba ta bar raina ba, lokacin ina aiki a wata cibiyar kula da yara a unguwar Selly Oak, can ƙasar Turawa. Shekarun da council, wato ƙaramar hukuma, ke ta yanke kasafi ne. An sallami abokan aikinmu, saura ni da shugabata Karen, kullum a gajiye.

Aikina gwada motsin yara 'yan shekara huɗu kafin su shiga firamare: gudu, sukuwa, tsalle da ƙafa ɗaya. Nakan zauna a gefen layi ina ba da maki. Wanda ya fi kowa ƙarancin maki shi ake tura wa likitan gashin ƙashi, kuma a zangon nan gurbi ɗaya tal aka ba mu. Kowa ya san Kieran ne mai buƙatarsa, yaron da ba ya hawa matakala sai ya kife.

Sai ga Ayu, 'yar wata ɗaliba daga Indonesiya. Takan taso da ƙarfinta, amma tana zuwa daidai kujerata sai ta rage sauri, ta rusuna, ta sauke hannun dama, ta wuce a duƙe. Kowane gwaji haka. Makinta ya faɗi ƙasa da na Kieran.

Karen ta ce, "Halima, maki za mu bi. Ba ni da ƙarfin gardama da council."

Da uwar Ayu ta zo ɗaukarta na kwatanta mata abin. Ta rufe baki tana dariya. "Sister, a wurinmu yaro ba ya gifta babba a miƙe. Ni na koya mata."

Mu ma ai haka aka rene mu. Na janye kujerar, na koma bayan taga, aka sake gwajin. Yarinya ta zura da gudu kamar an biyo ta.

Kieran ya samu gurbinsa, na yi murna ƙwarai. Kafin layi ya zo kansa aka rufe cibiyar, aka ce uwarsa ta koma wurin GP, likitan unguwarsu, ta fara daga farko. Bayan shekara na gamu da su a Bristol Road, tana tura shi a keken jarirai.

Ku da kuke shigowa aikin nan, ku koyi auna yaro daidai, wannan ana iyawa. Abin da ya fi ƙarfinmu shi ne samo masa mai taimako bayan an gama awon.