Koren Gadon da Ya Zo daga Shagari

Innarmu ba ta yarda da duk abin da ya zo da sabuwar fuska. Zane in an sake rina shi, sai ta ɗaga shi a rana ta ga inda ya ci. Ƙwarya in ta sha farar ƙasa da yawa, sai ta ƙwanƙwasa ta ta ji ko akwai tsagewa. Dillalan Bodinga sun san ta, har wasu kan wuce ƙofar gidanmu da tallarsu ba sallama. Ni kuwa halin nan nata ya sha ba ni haushi, amma bai taɓa ci mini tuwo a ƙwarya ba sai shekarar da za a yi aurena.

Lokacin yaƙin Turawa ne, ƙarfe da yadi sun yi wuya. Gadon ƙarfe sai dai ka ji labarinsa a gidajen ma'aikatan En'e. Babanmu malamin allo ne, abin da gona ta ba shi da shi muke rufa asiri, ga shi damina ba ta yi albarka ba. An sa bikina bayan kaka da wani ɗan Sifawa, wanda ba zan ɓoye ba ina son sa. Inna ta daɗe tana tara abin jere: ƙoruka, fayafai, 'yan tasoshi, tabarmi. Tsohuwar kujerar kakarmu ta sha kankara da yashi har ta yi fari, adudu kuma aka kai wa baduku ya sake masa fata. Duk wannan na Inna ne. Gado kuwa na uba ne, kuma shi ne ba a ga alamarsa ba. 'Yan matan unguwarmu ba su da dama. Wadda aka kai a kan gadon kara sai sun sa ta a waƙar gaɗa. Na yi wa wasu waƙar da bakina, don haka na san abin da ke jirana.

Ran nan da hantsi sai ga Baba ya shigo da jakai ɗauke da katako. Aka sauke, aka haɗa kai da ƙafa da dogayen sanduna a tsakar gida, sai ga gado sosai, kore shar, yana ƙyalli, warin fenti ya cika gidan. Ban san lokacin da na yi guɗa ba. Na dafa shi, na girgiza shi, na zauna a bakinsa kamar matar hakimi.

Inna tana bakin murhu, ko tashi ba ta yi ba.

"Malam, ina kas samo wanga?"

"Shagari," in ji Baba. "Ga wani kahinta nis saye shi. Sabo na, kuma da sauƙi."

"Sabo na, kuma da sauƙi," ta maimaita, tana tura itace cikin wuta. "To, Allah shi sa albarka."

Duk wanda ya san Inna ya san wannan addu'ar ba ta gama magana ba ce. Da Baba ya fita zaure wajen ɗalibansa, ta taso ta zagaya gadon tana sunsunawa. Ta ce ni ban ga irin koren nan a ko'ina ba? Na ce ban gani ba. Ta ce ita ta gani, a ƙofofin barikin da Bature ke sauka in ya zo rangadi. Fentin Nasara bai da ƙafar da zai zo gidan kafinta da kansa, kuma ba ta son ranar biki 'yan doka su zo su ɗaga ta daga kan tabarma. Na ce kafintoci da yawa sun yi aiki a Sakkwato, ana ba su ragowar gwangwani. Ta dube ni ta ce yaushe na zama lauyar kafintoci.

Abin da ya fi tsaya mata shi ne Shagarin. Akwai masassaƙa a Bodinga, akwai a Sifawa. Me ya kai Malam Shagari, garin da ya daina takawa tun rasuwar Yaya?

Yaya ita ce 'yar farin Inna. A Shagari aka aurar da ita ina ƙarama, can kuma ta rasu tana cikin jego, jaririn ya bi ta. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan 'yar fari, ba ta wasa da ita a gaban mutane, ba ta nuna ta san da zamanta. Ana yaye Yaya gwaggonmu ta ɗauke ta, a hannunta ta girma. Inna in ta kama dole ta ambace ta, sai ta ce "ta Shagari". Ranar da aka aiko da rasuwar tana daka. Ta ce Allah shi jiƙan Musulmi, ta ci gaba da dakanta, mata suna yaba kawaicinta. Da aka raba kayan mamaciyar, Baba ne ya je. Inna ba ta tambayi ko tsinke ba. Ni a raina na ɗauka zuciyarta dutse ce, kuma na daɗe ina jin zafin hakan.

Kwanaki suka yi ta tafiya, gado yana rumfa an rufe shi da tabarma, Inna ta hana a sa shi cikin kayan jere. Kullum da sabon zargi. Yau ta ce ƙila daga gidan da aka yi agana aka fitar da shi kafin duba-gari ya sa a ƙone. Gobe ta ce araha ba ta ado, kuma ruwa ba ya tsami banza. Baba in ta taso da zancen sai ya tuna bai yi alwala ba. Wannan ya ƙara mata ƙarfi, ni ma ya fara sa ni tunani, don Baba ba mutum ne mai gudun magana ba. Amma na fi jin haushinta da nasa. Har na fara zargin ko ba ta son in tafi da abin da ya fi nata kyau ne, don nata gadon tsohon katako ne da ya yi baƙi, tun na aurenta.

Biki ya matso, masu jere sun sa ranar tafiya Sifawa. Na same ta na ce, "Inna, in ba ki son in tahi da gado, ki hwaɗi mani in san waƙar da za a yi mani."

"Ke wagga, kama bakinki," ta ce. "Ba ni kai ki bisa abin da ban san wa yak kwana bisa nai ba. Ɗora ruwa."

Na ɗora ruwa ina ƙunƙuni. Ta sa muka ja gadon cikin rana, muka kifar da shi. Nan na ga abin da ban so gani ba. Kafinta ya shafe sama da gefe, amma bai ɓata fentinsa a ƙarƙashi ba. Cikin sandunan baƙi ƙirin ne da hayaƙi. Inna ta goga yatsa ta nuna mini.

"Sabo na," ta ce. "Sabon da anka hura ma wuta ƙarƙashi. Wanga gado ya ga jego. Kuma mace ba ta sai da gadonta tana da rai."

Ta karɓi ruwan zafi tana zubawa a gaɓoɓin katakon, wai ko da kuɗin cizo. Babu ko ɗaya da ya fito, sai ƙamshin tsohon turaren wuta da ya taso tare da tururi. Da ta zo ƙafar kai ta dama, fenti ya yi laushi ya ɗago, sai ga wani ɗan abu a cushe inda ƙafar ta shiga katako. Ta ciro tsinke daga kitsonta ta zaƙulo shi. Ƙyalle ne na saƙi, tsawon yatsa, bakinsa ya yi kore, cikinsa yana nan da baƙi da farinsa.

Ta tsaya tana kallonsa a tafin hannunta. Na jira in ji sabon zargi, ban ji ba. Sai ta zauna a ƙasa, a cikin laimar ruwan, ita da ba ta zama ko a kan tabarmar da ba a kakkaɓe ba.

Na san saƙin nan. A ƙasan adudunta akwai wani tsohon majanyi mai yagaggen baki, wanda ba ta goya kowa da shi, ba ta kuma bayar da shi. Na taɓa ɗaukarsa ina yarinya zan goya 'yar tsana, na sha dukan da ban san dalilinsa ba. Sai ranar na haɗa zancen. Da shi ta goyi Yaya kafin a karɓe ta, daga bakinsa kuma ta yagi ƙyallen nan. Kuma na tuna, da za a kai kayan Yaya Shagari, Inna ta ce ƙafar gadon tana rawa, ta kori kowa daga rumfa wai za ta gyara.

Bayan Azahar Baba ya shigo. Ya ga gado a kife, ya ga Inna, ya tsaya. Ta miƙa masa hannu a buɗe, ƙyallen a ciki.

"Cikin rabonmu yah hwaɗo," ya ce. "Nib bar shi ajiya ga wani abokina can, don na san ba ki iya ganinai. Bana ban da abin yin sabo. Nic ce da baƙo shi kwana bisa nai, gara ƙanwarta. Nis sa anka shahe shi don kada ki gane."

"Kore kas sa don kada in gane," in ji Inna. Muryarta ba ta tashi ba. "Malam, ko toka yaz zama ina gane shi."

Ban taɓa ganin Baba ya rasa inda zai sa idonsa ba sai ranar. Tausayinsa ya kama ni, tausayinta ya fi, amma ba zan yi ƙarya ba, ta kaina ma nake yi. Na ga gado yana kuɓuce mini.

Inna ta miƙe ta kakkaɓe zanenta. "Wanga gado ya hita gidan ga sau guda," ta ce. "Ba shi ƙara hita." Ta juyo gare shi. "Akwai sauran koren?"

Akwai ɗan kaɗan a gindin gwangwani, kafinta ya haɗo shi da shi don gyaran inda igiya ta goge. Kafin La'asar mun fito da tsohon gadon Inna tsakar gida. Ni da ita muka kankare shi da yashi da toka har hannuna ya yi kanta. Baba da kansa ya naɗe hannun riga, ya ɗaura tsumma a kara, ya shiga shafa. Fentin bai isa ba. Kai ya samu, gefe ɗaya ya samu, sauran ya tashi a tutar babu. Inna ta ce ba komai, ai ɗaki yana da bango. A juya baƙin can.

Haka aka yi. Masu jere suka jingina shi da bango a ɗakina na Sifawa, suka tara tabarmi da fayafai ta ƙafa. Matan dangin miji suka yi ta shigowa suna cewa ɗiyar Malam ta zo da gadon Nasara. Wata tsohuwa ta fara leƙa bayansa, gwaggo ta toshe ta da goro. Ba a yi mini waƙa ba. A kan gadon nan na haifi 'ya'yana duka, ban kuma taɓa ƙarasa masa fentin ba.

Ranar da za a kai ni, da yamma, na shiga ɗakin Inna sallama. Koren gadon yana inda nata yake a da. Na same ta durƙushe a ƙafar kai ta dama, tsinke a hannu ɗaya, ƙyallen saƙin a ɗaya. Ta ji shigowata, ba ta waiwayo ba.

"Ƙahwar ta ka rawa," ta ce.

Na dafa gadon don in durƙusa kusa da ita, na sakar masa nauyina duka. Ko motsi bai yi ba.

"Awo, Inna," na ce. "Tana rawa."

Na riƙe mata ƙafar, ta tura ƙyallen ciki.