Akwatin Kwano da Mita ta Uku

Shekarar da nake aji biyu na babbar sakandare, addata, wato yayata, tana ƙarshen karatun injiniyancin lantarki a jami'a, can Kalgo. Ta gama duk jarrabawarta, saura aikin kammalawa. An gaya musu ƙarara cewa duk wanda na'urarsa ba ta yi aiki ba ranar da malamai za su zauna dubawa, sai baɗi, 'yan ajinsu su tafi bautar ƙasa su bar shi. An ba sababbin ɗalibai ɗakin kwanansu, don haka ta dawo gida Gwandu da kayanta, muka koma raba ɗaki ɗaya kamar da.

Na'urar wani ɗan farin allo ce, ba ta kai tafin hannuna ba, an shimfiɗa mata siraran layukan tagulla. Adda ta ce sunanta osileta. Aikinta ta fitar da irin igiyar nan da ke ɗauko magana zuwa rediyo, amma mai saurin kaɗawa ƙwarai, irin wadda dogayen ƙarafan waya ke aika wa junansu. Tata kuwa dole ta iya sauya mita har uku, kamar mai murɗa rediyo daga tasha zuwa tasha. Kowace mita da layinta na tagulla, tsawon layin ne ke yanke inda za ta tsaya. In aka rage shi, mitar ta hau.

Ran da ta fara jona mata batir a tsakar gida, Inna ta ajiye tsintsiya ta matso.

"To, mi take cewa?"

"Ba ta magana, Inna."

"Haske hwa?"

"Ba ta yi."

"Duk shekarun ga kina karatu, kin ƙera abin da ba a ji, ba a gani. Malamai za ki kai wa ko masu ruƙiyya?"

Adda ta yi dariya. A lokacin tana da sauran dariya.

Wahalar ita ce, abin da ke iya ganin igiyar guda ɗaya ne, yana ɗakin gwaje-gwajen jami'a. Sai ta shiga mota zuwa Birnin Kebbi, ta sake wata zuwa Kalgo, ta bi layi bayan sauran ɗalibai, a ba ta ɗan lokaci, ta dawo gida ta kankare bakin layin tagulla da reza, ta sake komawa. Da gangan ta yi layukan da ɗan tsawo, don ragewa ake iya yi, ba a ƙarawa. In ina sharar ɗaki nakan ga ɓurɓushin tagullar yana ƙyalli a saƙar tabarma.

Da mitocin suka kusa zama, sai batun akwati ya taso. Dole a rufe allon cikin ƙarfe, kada igiyarsa ta tsiyaye, kada ta waje ta shigo. Baba ya ce a kai wa abokinsa na ƙuruciya, maƙerin da ke yin mazurari da adaka a bakin kasuwa, wanda muke kira Baffa. Adda ta zana masa tsawo da faɗi da zurfi. Ni da ita muka je karɓa. Akwatin farin kwano ne, ya goge shi har ina ganin hancina a ciki. Adda ta ɗora rula, ta ɗago kai.

"Baffa, kamar ya ɗan fi."

"Ya fi mana. Yatsa biyu na ƙara miki ko'ina. Gyara ce, ɗiyata. Ko mai tumatir ba ta ba ki cif-cif, balle ni. In ba ɗiyar abokina abu kamar baƙuwa?"

Ta durƙusa ta yi godiya. A hanya ta ce mini ba komai, akwati riga ce kawai, kuma riga mai yalwa ba ta hana tafiya. Ta ɗaure allon a ciki, ta murɗa murfin da kusoshi don kada girgizar mota ta taɓa shi.

Daga nan mita ta uku ta ƙi zama. Ta farko da ta biyu suna tsayawa inda aka ce, ta ukun sai yawo. Adda ta ɗauka layin ne bai yi daidai ba. Ta dawo, ta buɗe, ta kankare, ta rufe, ta koma. Damina ta yi nisa ana haka. Takan shigo da la'asar, gefen hijabinta da taɓo, ta zauna bakin katifa ba ta cire takalmi ba. Na daina tambayarta yadda aka yi, ina gane wa daga yadda take ajiye jakar. Layi na uku kuwa kullum raguwa yake, har ya zama ina tsoron kallonsa, don babu wani allon. Daga nesa aka yi odarsa, kuma ko an sake, ba zai iso kan lokaci ba.

Saura kamar mako biyu, zazzaɓi ya kama ta. Muna hutu, Inna ta ce in raka ta in riƙe mata jaka. Ɗakin gwaje-gwajen yana da sanyi da warin dalma. Na tsaya bayan kujerarta, ban san inda zan sa hannuwana ba. A fuskar na'urar aunawa akwai wani koren layi kwance. Adda ta danna maɓalli, wani tsini ya miƙe kamar ƙaya, ya tsaya cak. Ta sake dannawa, ya yi tsalle gaba, ya tsaya. A na uku sai ya rabu biyu yana rawa.

"Ba ni iya komawa gida in dawo," ta ce, ba da ni take ba. "Nan zan kankare shi."

Ta kwance kusoshin, don gajiya ta manta ba ta cire batir ba. Tana ɗaga murfin, tsinin ya haɗe ya tsaya. Ta mayar, ya rabu. Ta ɗaga, ya tsaya. Ta daɗe riƙe da murfin a sama. Sannan ta jawo takarda ta yi lissafi, ta ajiye biro.

"Gyaran Baffa ne."

A mota ta yi mini bayani idonta a rufe. Ta ce akwatin da ke rufe shi ma yana da tasa mitar, kamar tulu: in ka hura bakin babba, muryarsa ta fi ta ƙarami kauri. Yatsa biyun nan ne suka sauko da muryar akwatin har ta zo daidai da mita ta uku, suna ta jan juna. Layin ba shi da laifi tun farko. Yanzu kuwa ta kankare shi har ya wuce.

A gida aka rasa mai zuwa wurin Baffa. Ba a mayar da gyara. Baba ya ce shi dai bakinsa ba zai iya ba. Inna ta ce a kai wa wani maƙerin, Baba ya ce kafin mu dawo gida labari ya riga ya kai wa Baffa, kuma wannan ya fi muni. Washegari Adda ta ɗauki akwatin, na bi ta.

Mun daɗe ana gaisuwa. Ta tambayi iyali, ta tambayi gona, ta sake tambayar iyali.

"Baffa, alfarma na zo nema. A rage mini shi."

"A rage?"

"Ya koma yadda na zana. Ba aikinka ba ne ya ɓaci. Abin ne ba ya son wuri mai yawa."

Ya juya akwatin a hannunsa, ya shafa gefen da ya goge.

"Tun da nike sana'ar ga, ba a taɓa maido mini gyara ba. Wane irin abu ne wannan da alheri ke ɓata shi?"

Ni ina kallon ƙasa, ina jin kunya har cikin kunnuwana. Can ya miƙa hannu ya ce Adda ta ba shi rular. Bai sake auna komai da yatsa ba. Ya yanke, ya lanƙwasa, ya liƙe da dalma, bai yi mana hira ba har ya gama. Da ya miƙa mata, sai na ga hannunsa ya tsaya a iska, kamar bai san yadda ake sallamar mutum haka kawai ba. Ya waiwaya, ya ciro ɗan ƙaramin mazurari daga cikin waɗanda ya rataye, ya ba ni.

"Ke auta, riƙe. Wanga dai bai shiga lissafinku ko?"

Layin da ya gajarce, Adda ta ɗiga masa ɗan dalma a baki da tsinin allura. Bai koma yadda yake ba. Ranar dubawa mita ta uku ta tsaya cak ba rawa, amma ɗan gaba da inda ta rubuta za ta tsaya. Malaman sun tambaye ta dalili, ta faɗa musu duka, har da gyaran. Ta ce ɗaya ya yi dariya, sauran ba su yi ba. Sun bar ta ta wuce, da maki ƙasa da wanda ta sa rai.

Ta iso gida rana ba ta faɗi ba. Inna tana tankaɗe, ta ɗago.

"Ta yi magana?"

"Ta yi, Inna."

Ta shige ɗaki. Da na bi ta da ruwan sha, na tarar har barci ya ɗauke ta, ƙafafunta a ƙasa. Na cire mata takalman, na sauke labule.