Littafin da Na Zaɓar wa Gwaggo

Littattafaina a cikin kwalla suke, babbar nan mai murfi da aka kawo ni da ita gidan miji. Tun da fentin gindinta ya fara ɓarewa na daina zuba mata abinci, na shimfiɗa tsohon ɗankwali a ciki na jera su. Gara ba ta cin kwano, ɓera kuma ba ya iya ɗaga murfin. Shekarar da kogi ya cika har ya shigo mana unguwa, da ita na fita a kai, maigida yana bayana da buhun gero yana cewa, "Wannan kayan naki dai ko kunu ba za su yi mana ba." Shi ne ma daga baya ya fi kowa leƙa cikinta.

Ban yi boko ina yarinya ba. Sai da na yaye ɗana na huɗu na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi wa matan aure bayan azahar, a firamaren da ke bayan gidanmu. Na daɗe kafin in iya karanta shafi guda ban bi shi da yatsa ba. Da hannuna ya faɗa, duk wanda zai je Kano a cikin 'ya'yana ya san tsarabar da nake so. A haka kwalla ta cika.

Matan unguwa suka gano, suka fara zuwa aro. Ni kuma ba na miƙa wa mutum littafi sai na dube shi tukuna. Maƙwabciyata da mijinta ke tafiya cin rani, na ba ta ƙagaggen labari mai tsawo, na wasu 'yan'uwa mata biyu da suka gaji gona ɗaya a fadama, don ya cinye mata yini. Wadda ta yi ɓari ban ba ta mai sa kuka ba, na ba ta na wani direban motar kasuwa da ƙarya ta yi wa katutu, har na ji dariyarta ta kan katanga. Maigida ya ce shi ba ya karanta abin da bai faru ba, to sai na ajiye masa na wani tsohon malamin dabbobi da ya rubuta rayuwarsa, yadda ya bi rugage yana yi wa shanu allura. Jikoki kuwa nasu masu hotuna ne, shafi guda layi guda. Kuma littafi ba ya dawo mini haka nan. Yadda ba a mayar da kwanon maƙwabta wayam, haka suke haɗo shi da 'yar daddawa ko busasshiyar kuɓewa.

Har na fara jin cewa na iya zaɓe, sai ga maganar Gwaggo.

Gwaggo yayar mahaifina ce. A wani ƙauye wajen Kirikasamma ta yi zaman aurenta, cikin masunta, kuma bandar kifi ce sana'arta tun ba a haife ni ba. Da mijinta ya rasu, babban ɗanta ya dawo da ita Haɗeja, gida uku tsakaninmu. Ta zo da wayar bandarta, ragar ƙarfen da ake jera kifi a kai, ta sa aka gina mata murhu a bayan ɗaki. Autarta tana aure a Birniwa, takan turo mata saƙo a 'yar ƙaramar wayarta, sai dai kullum Gwaggo ta nemi mai karanta mata. Wata rana surukarta ta karanta mata wani saƙon da bai kamata kunne na uku ya ji ba. Ba a yi faɗa ba, amma washegari Gwaggo ta yafa mayafi ta tafi ajin yaƙi da jahilci, ta zauna a bencin gaba cikin sa'o'in 'ya'yanta. Malama ta miƙe za ta ba ta kujerarta, Gwaggo ta ce, "Zauna, 'yar nan. Ba gaisuwa na zo ba."

Ta kai wata biyar tana zuwa, ba fashi. Ta san baƙaƙe, ta fara haɗa ba da ba. Rannan ta shigo gidana da yamma, ta zauna a bakin tabarma, ta nuna ɗakina da haɓa.

"An ce ke ce mai kwalla. Ki ba ni nawa."

Na shiga ɗaki na buɗe murfin. Allah ya sani, hannuna kan wani ɗan siririn littafi mai hotuna ya fara sauka, domin na san shi ne daidai da inda ta kai. Sai na tsaya. Mu a gidanmu in an raba kifi, tsakiyar ake ba babba. Ba a miƙa wa babba ƙaramin kwano, ba a ba shi abin da aka taɓa ba yaro. Matar da ta goya mahaifina, ita zan fito wa da littafin da jikata ta gama tauna gefensa? Kunya ta hana ni. Na mayar da shi, na ɗauko wanda ya fi kowanne kauri da kyawun bango, tarihin rayuwar wata ungozoma da ta rubuta da kanta, ƙananan baƙaƙe cunkushe kamar an zuba riɗi. Na durƙusa na miƙa mata da hannu biyu.

Ta auna nauyinsa a tafinta, ta ji daɗi. "Yauwa. Kin san girma."

Ni ma daɗin na ji. Har na ba maigida labari ina alfahari.

Bayan mako biyu ta aiko mini da shi a cikin kwano, an naɗe shi a leda, ga bandar tarwaɗa huɗu a kai. Da na je godiya na tambaye ta yadda ta same shi, ta ce, "Ya yi kyau. Mai shi ta yi ƙoƙari." Ta kawo zancen tsadar itace, muka bar maganar.

Sai malama ta tare ni a hanyar asibiti. Ita ce ta koyar da ni a da, har yanzu in na gan ta sai na rage tsawo. Ta ce, "Lafiya Gwaggonki? Kwana goma ba mu gan ta ba. Na aika, ta ce idonta ke ciwo."

Ido kuwa, jiyan nan na ga Gwaggo tana zare ƙaya daga bakin kifi ba ko ƙyaftawa.

Da na koma gida na ciro littafin daga leda na buɗe. Mai banda ba ta rabuwa da maiƙo a yatsa, ko ta wanke da toka. Shafin farko ya yi duhu. Ƙarƙashin layi na ɗaya, na biyu, na uku, shatin yatsa ne a kan shatin yatsa, wani wurin har takardar ta yi laushi ta kusa hujewa. A tsakiyar layi na huɗu shatin ya tsaya. Na buɗe shafi na biyu, fari tas. Na bi sauran duka, babu inda ta taɓa.

Na zauna a bakin gado na daɗe. Mako biyu tsohuwar nan tana kokawa da layi uku ita kaɗai a ɗaki, ba ta iya zuwa ta ce wa 'yar ƙaninta ta kasa. Ta ɗauka haka karatu yake, ita ce kanta ya bushe. Ni kuma da na sha wannan wahalar da kaina, ni ce na ɗora mata. In ta bar ajin nan yanzu ba za ta koma ba, na san halinta. Saƙon autarta kuma sai dai ya ci gaba da bi ta bakin wasu.

Maigida ya ce, "To ki je ki faɗa mata gaskiya mana, ki ce kin yi kuskure."

Na ce, "In ce mata me? Na ba ki na manya, ashe na yara ne daidai ke?"

Ya ce, "Wannan kam sai ku mata."

Kwana biyu ina juya abin. Na zazzage kwalla a kan tabarma, na ware masu hotunan ina dubawa ɗaya bayan ɗaya. Akwai na kuliya, akwai na jirgin sama, duk ba su yi ba. Can ƙasa na tarar da wanda na manta da shi, na wata amarya da aka kai garin masunta. Na buɗe shafi na uku na ga hoton, sai na ji zuciyata ta ɗan saki.

Da la'asar na sa shi cikin hijabi na tafi. Na same ta a bayan ɗaki kan kujerar tsugunne, ga daro cike da tarwaɗa, tana lanƙwasa kowace tana soke ta da tsinke. Na gaishe ta, na yi mata ya ido.

"Da sauƙi," ta ce, ba ta dube ni ba.

Na zauna ina miƙa mata tsinke. Sai da muka yi rabin daro na ciro littafin.

"Gwaggo, wani abu nake so ki duba mini. Ni ban san harkar ba. Wai haka ake banda?"

Ta kalli bangon ta taɓe baki. "Wannan ba na jikokinki ba ne?"

"Nasu ne. Kar in bar su su koyi abin da ba daidai ba."

Ta goge hannu a zani ta karɓa, ta nisanta shi da fuskarta. Hoton da na buɗe mata na wata mace ne, ta jera kifi a kan waya, wuta tana ci bal-bal a ƙasa. Gwaggo ta yi salati.

"Wace ce wannan? Wa ya koya mata? Dubi harshen wuta har yana lasar waya! Banda hayaƙi take so, ba gashi ba ne. Kuma ji tarwaɗa a miƙe kamar sandar makiyayi, ko lanƙwasa ta ba ta yi ba. Wannan 'yar gidan wa ce?"

"Ga shi nan an rubuta a ƙasa," na ce, na mayar da kaina kan daro.

Ban ɗaga ido ba, amma ina ganin yatsanta ta gefe ya sauka kan layin. Baƙaƙen manya ne, kowanne kamar ƙwayar wake.

"A... mar... ya. Amarya. Ai shi ya sa! Amarya... ta... hu... ra... wu... ta." Ta ja tsaki. "Ta hura kam. Ta hura wa mijinta asara. Wallahi kifin nan ƙonewa zai yi."

Ta lashi yatsa ta juya shafin da kanta. Hoton hayaƙi baƙi ƙirin, amarya ta ɗora hannu a ka. Layin gajere ne, bai ɗauke ta lokaci ba.

"Ki... fi... ya... ƙo... ne." Ta buga cinyata da littafin. "Ban faɗa ba? Ban faɗa miki ba? Kifi ya ƙone! Ga shi nan su ma sun rubuta!"

Dariya ta kama ta har da tari, surukarta ta leƙo daga madafa tana tambayar lafiya. Gwaggo ta ce mata, "Koma aikinki, karatu muke."

A shafi na gaba wata tsohuwa ta shigo labarin ta nuna wa amarya yadda ake rufe wuta da danshin ƙaiƙayi. Gwaggo ta ce wannan ta fi hankali, ko da yake ita ma ta cika waya da yawa. Haka muka bi shi, ita tana karatu tana gyara musu sana'a, ni ina soke kifi. Sau biyu kawai ta tambaye ni baƙi. Kafin a kira magariba ta kai bangon baya. Ta juya shi, ta sake juyawa.

"Shi ke nan? Ya ƙare?"

"Ya ƙare, Gwaggo. Kin sauke littafi."

Ta riƙe shi a cinya tana kallon murhu. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ke kin san zai ƙone tun a gida."

Na sunkuyar da kai. "Na sani. Wancan ma da na ba ki, ni sai da na shekara huɗu ina karatu kafin in iya shi. Kunya ce ta sa na ba ki. Ki yafe mini."

"Shekara huɗu?" Ta juyo ta dube ni sosai. "Ja'ira. Kika bar ni ina cewa kaina ne ya mutu." Ta ɗaga littafin. "Akwai irinsa?"

"Akwai na kuliya."

"Kawo. Ita ma in ga abin da ta ɓata."

Ranar Litinin malama ta aiko mini cewa idon Gwaggo ya warke.

Ta cinye masu hotunan kwallata kaf a damina ɗaya, tana yi wa kowanne gyara. Daga nan na ba ta na gajerun labarai, masu shafi bibbiyu. Tun daga kanta na daina duba shekarun mai aro. In sabuwar ɗaliba ta zo, ko da furfura a kanta, siririn nake ɗaukowa, in ce Gwaggo ma da shi ta fara, kuma ba wadda ta taɓa jin haushi.

Saƙon Birniwa yanzu ita take karanta abinta. Takan shiga ɗaki ta saki labule, a jiyo ta tana haɗa baƙaƙe ƙasa-ƙasa, in ta fito ba mai jin komai. Watan jiya ta aiko a ba ta na ungozomar nan. Bai dawo ba tukuna. Da na je gaishe ta na gan shi a kan filo, na faki idonta na ɗan buɗa. Maiƙon ya kai shafi na goma sha tara.