Adda Dije da maganin da aka kulle a sito

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin wanke-wanke da safen nan aka kira ni daga Taura, wai Adda Dije ta rasu.

Ni nake kai mata maganin tarin fuka har rugarsu, lokacin ina aikin sa-kai a shirin da ƙasashen waje ke tallafa wa. Ba ta taɓa barina na tafi hannu rabbana ba, ko kindirmo ko man shanu. Tana zuba min tana tsokanata, wai mu 'yan Dutse ba mu san nono ba sai na leda.

Ta fara murmurewa, har kumatu ta yi. Kwatsam aka ce masu tallafi sun dakatar da komai, aka sallame mu.

Su ban da abin cewa, kayansu ne. Wanda na riƙe a raina namu ne, ɗan gida: ogan da ya garƙame sito da kwaɗo, magani katan-katan a ciki, wai sai umarni ya zo daga sama. Na roƙe shi har da hawayena. Yana latsa waya ya ce in daina damunsa.

Zuwana na ƙarshe na tarar ta kasa ragowar ƙwayoyinta gida biyu, ta ba Hanne rabi, maƙwabciyarta mai goyo da nata ya ƙare. Na yi faɗa sosai, na ce wannan magani ba a raba shi, tarin zai dawo da ƙarfinsa.

Ta ce, "Ƙanwata, ya zan haɗiya ina jin tarinta daga bukkata? Da wane ido zan kalle ta?"

Tarin ya dawo, kuma ya daina jin magani. Ranar da aka buɗe siton, magunguna da yawa wa'adinsu ya wuce, ƙonawa aka yi.

Oga, na san kana karanta shafina. Kada ka kuskura ka rubuta min ta'aziyya a nan. Ban yafe ba, kuma ba zan yafe ba. Allah ya isa. Ka adana mukullin nan da kyau, da shi za ka tsaya gabanta ranar hisabi.

Allah ya jiƙan Adda Dije, ya sa ciwon nan ya zama kaffara, ya bi mata haƙƙinta tun a duniya.

Don Allah ku sa ta a addu'a. Ku haɗa da Hanne. Ita ce ta kira ni, kuma da ƙyar ta ƙarasa maganar saboda tari.