Jinin Inna da Nawa

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan babbar Sallah, shekarar da na shiga aji uku na firamare a Kambaza, na dawo daga rijiya da tulu a kai na tarar an kwance ragon sunan da aka ɗaure a gindin dogon yaro. Mata sun cika tsakar gidanmu. Kakata Iya ta sauke mini tulun, ta ce, "Kulu, sai haƙuri, wannan ma ya koma." Shi ne na uku a cikin ƙannena. Dukansu hanya ɗaya suka bi: a haife su da kuka mai ƙarfi, kafin a kwana biyu idanunsu su rine kamar an jiƙa rawaya, su daina kama nono, su tafi ba a raɗa musu suna ba.

Ni ce 'yar fari, ni kaɗai na tsaya. Duk yarinyar da ke unguwarmu tana da ƙanen da take goyo, da shi take surfe, da shi take zuwa kai fura gona, ko carafke za a yi sai an jira ta lallashe shi. Ni kuwa sai dai in ari na maƙwabta, magariba na yi uwarsa ta aiko a karɓe. In na koro awaki daga fadama, nakan tsinci ɓawon rake in naɗe a tsumma in ɗaura a baya. A bakin rijiya na fara jin ana kiran Inna mai wabi. Babu abin da Iya ba ta gwada ba: rubutun sha, saiwar rawaya, turaren hayaƙi, har na ukun an tsaga masa kunne wai don ya ji kunyar komawa. Baba ba mai yawan magana ba ne. In an dawo daga maƙabarta sai ya ɗauki kalme ya nufi gonar gero, kalmarsa ɗaya ce: "Mai abu ya karɓi abinsa."

Da Inna ta sake samun ciki, Goggo Asabe, yayar Baba da ke aure a Kalgo, ta zo ta kafe sai an kai ta asibiti. Aka tafi da ni don in riƙa yi mata aike. A can wata ungozoma mutuniyar Zuru, Sista Rahila, ta saurari labarin har ƙarshe, ta ce a gwada jininmu mu uku. Aka tsaki yatsan kowa, aka ɗiga uku-uku a kan farin faranti, aka zuba wa kowane ɗigo ruwan magani aka motsa. Ina tsaye ina leƙe. Ɗigon ƙarshe na Baba da nawa suka tsinke gudaji-gudaji kamar nonon da ya kwana, na Inna kuwa ya zauna sumul. Sista ta ce jinin Inna nagetif ne, irin da ba a cika samu ba, namu kuma fozitif. Tun a haihuwar fari jinin jariri ya ratsa cikin nata, jikinta ya ɗauke shi baƙo, daga nan yake yaƙar duk ɗan da ya zo da jinin ubansa. Akwai allurar da ke hana haka, amma a haihuwar fari ake yin ta.

"Yanzu hwa? A yi mata mana," in ji Baba.

"Malam, lokacinta ya wuce," ta ce a hankali. "Ina ɗan farin?"

Inna ce ta jawo ni jikinta ta gyara mini ɗankwali.

Namiji ta haifa. Da idanunsa suka fara rinewa aka tura mu Birnin Kebbi, aka ce sai an sauya masa jini da irin na Inna, ita kuma mai jego ba a ɗibar nata. Baba ya aika gida, maza suka ciko a-kori-kura, wasu da laka a ƙafa daga gonar albasa. Aka tsaki yatsunsu ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya dace. Na miƙa nawa yatsan ina kuka, Goggo ta riƙe ni ta ce, "Ɗiyata, naki ba ya yi." Fatan da ya rage shi ne Kawu Jaɓɓi, ƙanen Inna uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya yi kudu da shanu, inda waya ba ta shiga. Aka bi shi da babur ruga-ruga. Ya iso da sandarsa a kafaɗa bayan an sallame jana'iza. Duk da haka ya nace aka gwada shi, jininsa ya zauna sumul kamar nata. Ya fita ya tsuguna a bakin ƙofa ya rufe fuska da malafa. Inna ba ta sake haihuwa ba, ba ta kuma taɓa gaya mini kalma ɗaya mai ɗaci a kan wannan ba.

Yau ina aure a Kalgo da 'ya'yana, kowannensu na san rukunin jininsa. Kwalta ta ƙaru, waya tana aljihun kowa, amma in na je Kambaza har yanzu ina tarar da amaren da ke haihuwar fari a ɗaka ba a taɓa tsakar yatsansu ba. Nakan yi musu magana, su saurara da ladabi, su ce sai abin da mai gida ya ce. Bara jaririn maƙwabciyarmu a Kambaza ya rine, Inna da ta tsufa ta leƙa fuskarsa, ta mayar da zanen a hankali, ta dawo gida ta kwanta ba ta ci tuwo ba. Mun san sunan abin yanzu, amma bai daina shiga gidajenmu ba.